Ranar da na ɗebi ruwa rana tana husufi

Shekarun baya, tun ina bin shanun gidanmu a dajin Sukukutane, rana ta yi husufi. Duk wanda ya kai shekaruna yana da labarinsa na ranar, wani kuka ya yi, wani tuba. Nawa labarin kunya yake ba ni, shi ya sa na daɗe ban faɗa ba.

Tsakiyar bazara ce. Rijiyoyin kusa sun ƙafe, saura guda mai zurfin tsiya, wadda sai an ɗaura wa sa igiya ya yi tafiya kafin guga ya fito. Kowane garke da lokacinsa, ba mai shiga na wani. Mu namu sai bayan la'asar, kuma jiya mun iske taɓo, shanu suka kwana ba su sha ba. Mahaifina ya rasu, daga ni sai mahaifiyata.

A garken akwai wata tsohuwar saniya, ita kaɗai ce ta mahaifiyata, ubanta ya ba ta lokacin aure. Da safen nan ta durƙushe nesa kaɗan da rijiya. Mai kiwo ya sani, saniyar da ta kwanta da ƙishi a bazara, in ta wuni a ƙasa sai wuƙa. Mahaifiyata ta roƙi dattijon da ke da lokacin safe ya ba mu guga biyu. Ya ce ta yi haƙuri, nasa ma kwanansu biyu ba su sha ba, in ya ba ta sai ya ba kowa. Ban ga laifinsa ba, amma na zage shi a zuci.

Muka zauna muna kallon saniya tana numfashi. Ni dai na gaji. Na gaji da shanu, na gaji da igiya, na gaji da yashin da ke cin ƙafa, har na fara fatan ta mutu mu huta.

Da hantsi sai haske ya sake. Zafin da ke dukan ƙeyata ya ragu, inuwar mutane ta yi wani iri. An ta faɗa a rediyo cewa kar a kalli sama, amma ji daban, gani daban. Daga ƙauye muka jiyo mata na bugun kwanoni, ladan na kiran salla ba lokacinta ba. Maza suka saki igiyoyi suna salati, suka nufi masallaci, har da dattijon. Kafin ka ce me, bakin rijiya ba kowa.

Na miƙe zan bi su, mahaifiyata ta riƙe min riga.

"Ina za ka?"

"Inna, tashin duniya fa ake cewa."

"To, ta tashi saniyata ta sha ruwa. Kama igiya."

Bijimin da ke ja mana guga ya ƙi. Ƙarar kwanoni da duhun sun firgita shi, ya juya sai hanyar gida. Muka ja da hannu, ni a gaba, ita a baya, tsohuwar da ko tulu ba ta ɗauka sai da nishi. Muna cika bido, wato jarka, in kinkima in kai wa saniya, in dawo. Ban san sau nawa ba. Sau ɗaya na ga ranar, a cikin ruwan ƙwarya, ta koma siririya kamar jinjirin wata. Saniya ta sa baki, ruwan ya motsa, shi ke nan kallona.

Ta sha, amma ta kasa tashi. Saniyar da ta kwanta haka sai maza huɗu, wasu a ƙaho, wasu a wutsiya. Muka gwada mu biyu har na faɗi zaune.

Haske ya dawo, maza suka dawo. Dattijon ya ga guganmu a jiƙe a lokacinsa, na san za a yi ta, don a kan abin da bai kai wannan ba an sha fasa kai a rijiyar. Ya taho da sandarsa. Mahaifiyata tana goge tafin hannunta da zani, igiya ta saɓule fatar, jini na tsattsafowa. Ya daɗe yana kallon hannun. Sai ya jefar da sanda, ya naɗe wutsiyar saniya a hannunsa, ya ce wa sauran, "Me kuke jira? Ku kama."

Saniya ta tashi tana rawar ƙafa. Ta ga damina, ta ma haihu sau ɗaya bayan nan.

Yanzu a Dogon Dutsi nake, na bar kiwo. In hira ta kai kan husufin, abokaina suna maganar girman Allah da suka gani, sai in gyaɗa kai. Gaskiya ni ban ji tsoro ba, ban yi salati ba. Daɗi na ji rana ta sassauta min, daɗi na ji layi ya watse. Na taɓa tambayar mahaifiyata, kafin ta rasu, ko ita ta ji tsoro. Ta ce sosai ma. Na ce to me ya hana ta gudu? Ta ce ta duba ne ta ga duk shekarun nan ba a taɓa bar mata rijiya ita kaɗai ba.