Ƙashin da Ya Gagari Malam Sha'ibu

Shekara arba'in Malam Sha'ibu na Ruwan Godiya yana ɗori. Yakan karya ƙafar kaza ya ɗaure ta a ranar da ya ɗaure ta mai karaya. Ran da kaza ta taka, mutum zai taka. Ƙashi ɗaya ya gagare shi: cinyar matarsa Mairo. Kazar ta warke, Mairo na zaune.

'Yarsu Amatullah tana jami'a, tana gwada ƙwayoyin halittar ɓargo da na kitse, a ga waɗanda suka fi tsirar da sabon ƙashi. Kowace Juma'a yakan kira ta: "Wanne ya fi?"

"Da saura, Baba."

Ya san ilimi ba ya sauri don wani na jira. Amma ya hana a kyautar da takalman Mairo.