Karyar da Kawu ya bar mana

Mu a gidanmu ba a kiwon kare. Awaki muka sani da kaji, sai tantabaru da suka zo da kansu suka zauna a rufin zaure. Don haka ranar da Kawu ya sauka daga kan babur a ƙofar gidanmu a Talata Mafara, rungume da karya kamar mai ɗauke da jariri, Inna ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon ikon Allah.

Kawu ƙanen Inna ne, mafarauci, gadon uba da kaka. A wani ƙauye na wajen Janbako ya tashi, kuma da zama ya gagara a can sai ya kwashe iyalinsa ya koma Maradun, ya kama ɗaki a gidan wani ɗan kasuwa. Mai gidan ya karɓi mutane da kayansu, amma ya ce ban da kare. Karyar nan kuwa ita kaɗai ta rage daga karnukan mahaifinsu, irin dogayen nan masu siririn ciki da faɗin ƙirji, waɗanda zomo ba ya tsere musu a fili. Sauran sun ƙare, wasu ciwo, wasu an harbe. Ita ma furfura ta fara fito mata a baki.

Bayan an gama gaisuwa, an tambayi mutanen Maradun ɗaya bayan ɗaya har da wanda ke goye, sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Akwai wani tsohon mafarauci a Bakura mai namiji irin nata, asalinsu ɗaya. Sun yi magana, in lokacin barbararta ya zo zai kai ta. A wajen mafarauta ba a aike a irin wannan, mai karya shi ke zuwa da ƙafarsa da goronsa, in an haihu kuma mai namiji ya fara zaɓar ɗa guda.

"Yaya, in kin ga jini, ki kulle ta ki aiko mani," in ji Kawu. "Kak ki bari ko wane kare shi kusance ta. Ita ɗai ar rage muna."

"Ni da tsuhwana ka mayas makiyayiyar karya?" Inna ta ce. "Allah shi sawwaƙe."

Ta faɗi haka, amma kafin ya kai bakin titi ta riga ta ware wani tsohon kasko da gwangwanin ruwa, ta ja kunnen kowa kada su haɗu da kwanukan gida. Butar alwala ma ta koma rataye a ƙusa.

Watanni suka wuce karyar tana kwance a gindin darbejiya, ba ta haushi ba ta sata. Sai wata safiya matata ta ga ɗigon jini a inda ta kwana. Na duba, na ga bayanta ya kumbura, tana yawan lasar kanta, tana zagaye tsakar gida tana fitsari kaɗan-kaɗan a kowace kusurwa. Muka kwashe buhunan da ke ɗakin ajiya, muka zuba yashi a ƙasa, muka sa ta ciki muka ja ƙyauren langa-langa. A lokacin waya ba ta shiga wajen su Kawu, sai na ba wani direban Maradun saƙo ranar kasuwa. Amsa ta dawo cewa yana nan tafe da zarar hanya ta yi kyau.

Ban san unguwarmu na da karnuka haka ba sai a wannan lokaci. Na mahauta sun zo, na bayan tasha sun zo, har da wani mai ido ɗaya da ban taɓa gani ba. Suka yi sansani a ƙofar gida kamar masu jiran rabon taki. A kore su da dutse su matsa gaba kaɗan su zauna, suna kallon mutum ba kunya. Maƙwabcinmu, wani ma'aikacin asibiti Kirista da ya daɗe a garin, yana da wani guntun kare mai gashi buzu-buzu da gajerun ƙafafu. Shi ma ya bar gadin gidan ubangidansa ya shigo layi. Mutumin ya zo har zaure ya ba ni haƙuri, ya sa masa sarƙa, karen ya yini yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Masu wucewa masallaci suka fara tattare riguna suna tsaki. Liman dai ya tambaye ni sau biyu ko baƙuwar tamu ta kusa tafiya, ni kuwa na gane.

Ni ina wajen koyarwa a makaranta tun safe, matata na da goyo, don haka aikin ya faɗa kan Inna. Ita ke kwashe yashin da ya ɓaci ta zuba sabo. Ita ke dama dusa da sauran tuwo, in ta samu ƙashi a miya ta ajiye a gefe. Karyar ta rage cin abinci, tana kai da komo a ɗaki tana karce ƙyaure, Inna kuwa ta ɗauko tabarma ta dawo bakin ƙofar da gyaɗar da take ɓarewa, tana yi mata faɗa kamar 'yar riƙo. "Ki natsu, marar kunya. Duk waɗanga na waje ba sa'o'inki ba ne." Na taɓa tsokanarta na ce ashe an shirya. Ta ce in rufe mata baki, amana ce kawai take riƙo.

Ɗakin ba taga, rana kuma ta Mafara ce. Kullum Inna tana ƙorafin zafi zai kashe dabbar mutane. Sai jinin ya fara dusashewa, ya koma ruwa-ruwa, wata rana aka duba yashi babu komai. Inna ta ce alhamdu lillahi, jini ya ɗauke, ta yi tsarki. Matata ta ce haka ne. Ni ma da aka gaya mini ban ga abin musu ba, don abin da kowa ya sani ke nan a gidan da aka yi karatun Ahalari: in jini ya ɗauke, magana ta ƙare. Inna har ruwa ta watsa mata da sabulun wanki, ta sake ta a tsakar gida ta sha iska, ta tura ƙofar zaure ta shiga salla.

Akwai rariya a katangarmu ta baya wadda ruwan damina ya ci ya faɗaɗa. Akuya ba ta taɓa bi ta nan ba, shi ya sa ba wanda ya tuna da ita. Da na dawo daga makaranta na tarar da karyar a lungun bayan gida, maƙale da guntun karen maƙwabcinmu, guntuwar sarƙa na lilo a wuyansa. Sauran suna zagaye suna jiran nasu. Na tsaya har suka rabu, don ba abin da za a yi, na ja ta na mayar ɗaki.

Kawu ya iso ba da daɗewa ba, da goro a aljihu. Aka yi gaisuwa cikakkiya. Inna ba ta ɓoye masa komai ba. Ya saurara yana kallon ƙasa.

"Yaya, karya ba mutum ta ba," ya ce a hankali. "Sa'ad da jini ka zuba, ba ta yarda da namiji. Sai ya ɗauke taka tsayawa."

"To mi ya hana ka hwaɗi tun hwarko?"

"Na aza kowa ya sani."

Ba wanda ya ɗaga murya. Ya fito da goron ya raba mana, ya sha ruwa, ya koma Maradun kafin la'asar saboda hanya.

Ta haihu a ɗakin ajiyar nan, 'ya'ya duk buzu-buzu da guntayen ƙafafu, ba mai tambayar ubansu. Maƙwabcinmu ya yi murna ƙwarai, ya aiko da madara. Haihuwar ta ba ta wuya, ta daɗe tana jan ƙafar baya, kowa ya gane ba za ta ƙara wata ba.

Da idanunsu suka buɗe Kawu ya zo. Ya tsuguna ya riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya ta fatar wuya, yadda mafarauta ke gwada kwikwiyo: wanda ya yi shiru shi ne zai yi daji. Duk suka tsala ihu. Ya mayar da kowanne a hankali jikin uwarsa, ya karkaɗe hannu. Inna ta ce ya ɗauki ko guda ɗaya. Ya ce a bar wa yaran unguwa.

Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya yi mata fito, irin wanda yake yi in za su shiga daji. Ta ɗaga kai, kunnuwanta suka miƙe, ta dube shi. Sannan ta mayar da kanta ƙasa kusa da ƙafar Inna, 'ya'yan na tsotso. Ya ɗan jira, bai sake kira ba. Tausayinsa ya kama ni har na kawar da kai.

"Ki riƙe ta, Yaya," ya ce.

Na raka shi tasha. A hanya ya tambaye ni ko ana ɗaukar masu gadi a makarantarmu, na ce zan tambaya.