Larabar Da Na Karɓo Kundin Jirgi Daga Ɗinki

Ko da zan manta sauran kwanakin aikina, akwai wata Laraba da za ta zauna a raina har in koma ga Allah. A ranar ce saura ƙiris in jawo a hana jiragen kamfaninmu tashi, kuma ba da mugun nufi ba, da nufin gyara.

Bari in fara daga farko, don ba na son labari a hargitse. Karatuna bai wuce sakandare ba. Na yi shekaru masu yawa a ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikatar gwamnati, inda aka horar da mu a kan doka guda: takardar da ta shiga fayil ba ta fita. Sabuwa tana bin bayan tsohuwa, ka buga mata lamba da jan biro a kusurwa. Wanda aka kama ya zare takarda, kora ce. Da wannan horon na yi ritaya, da shi kuma na shiga wani ƙaramin kamfanin jiragen shata da ke da ofis a saman wani bene a Fagge. Jiragenmu biyu ne ƙanana, yawancin masu ɗaukar su manyan 'yan kasuwar Kwari ne da masu saurin kai mara lafiya asibiti. Aka damƙa mini takardun ofis.

Babba a cikinsu shi ne kundin aiki, wanda hukumar jiragen sama ta wajabta wa kowane kamfani irin namu. A ciki aka rubuta waye shugaban wane sashe da iyakar ikonsa, yadda ake auna kaya da fasinja a raba nauyinsu, yadda ake shan mai, abin da za a gaya wa fasinja kafin a tashi, yadda matuƙi zai kai rahoton matsalar inji, da wanda za a fara kira idan jirgi ya ɓace ko ya yi hatsari. A ƙasan kowane shafi akwai kwanan watan da aka gyara shi da hatimin hukuma. Abin da ya ba ni haushi tun ranar farko shi ne, wannan babban littafi a cikin fayil mai zobe yake, kowa na iya buɗewa ya zare shafi.

Lokaci-lokaci shugaban matuƙanmu, wani mutumin Zariya da muke kira Kyaftin, yakan miƙo mini ambulan ya ce, “Baba, ga gyara, a sa a kundi.” Ni kuwa in sa. In kai sababbin shafukan can baya, in jera su yadda suka zo, in buga musu lamba da jan biro. Tsofaffin na nan inda suke. Ban tambaya ba, domin a ganina babu wanda zai koya mini ajiye takarda. Kwafin kundin da ke cikin jiragen kuwa, Kyaftin ne yake gyarawa da kansa, shi ya sa bai taɓa lura da na ofis ba.

Sai aka sanar da mu masu bincike daga hukuma za su zo ranar Alhamis. Na dubi fayil ɗin nan, zobensa ya fara saki, na ce ba za a kunyata mu a hannuna ba. Ranar Litinin na ɗauke shi na kai Sabon Gari wurin wani mai ɗinkin littattafai, na ce ya ɗinke shi tsaf, ya datse gefunan su daidaita, ya yi masa baƙin bango mai kauri. Ban gaya wa kowa ba, ina so su gani su yaba.

Laraba da safe Kyaftin ya leƙo ya nemi kundin. Na gyara zama na faɗa masa inda yake da abin da ake yi masa. Bai ɗaga murya ba. Ya jawo kujera ya zauna.

“Baba, ka ce a datse gefe?”

“Na ce a datse. Duk sun yi zaƙo-zaƙo.”

“Hatimin hukuma a ina yake?”

Sai na tuna a ƙasan shafi yake, dab da inda za a datse. Ya ce ai da gangan aka sa zoben, don a cire tsohon shafi a sa sabo a gurbinsa. In wuƙa ta taɓa hatimin nan, sai an mayar da kundin gaba ɗaya hukuma an sake bin sa shafi-shafi, kuma kafin nan babu jirginmu da zai tashi. Sannan ya tambaye ni tsofaffin shafukan da na cire, ina na ajiye su. Na ce ni ban taɓa cire takarda daga fayil ba a rayuwata. Ya dafe kai ya ce, “Yesu! Baba, tashi mu je.”

Na kira mai ɗinkin, wayarsa a kashe. Muka tare adaidaita sahu. A shataletalen Bata cunkoso ya riƙe mu, masu dako da diloli a ka sun cika hanya, na ga ba zan iya zama ba, na sauka na kama tafiya da ƙafa, Kyaftin na bina. Kwana biyu ke nan da kai aikin, kuma mutumin ya yi mini alkawarin Laraba. A raina na gama yanke cewa ya datse. Ina tafe ina tuno fuskokin makanikai da masu lodi da za su zauna a gida saboda ni.

Mai ɗinkin Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu Kanawan. Muna shiga na hango kundinmu a kan teburi kusa da wuƙar datsa, an ɗora masa dutse, ba a taɓa shi ba.

“Malam, sai yanzu? Tun jiya nake kiranka.”

Gaskiya ne, na ga baƙuwar lamba sau uku, ni kuma ba na ɗaukar lambar da ban sani ba. Ashe wayar matarsa ce.

“Oga, ba ka yanka ba?”

“In yanka me? Shafi na arba'in da ɗaya sau uku ya fito a littafin nan, kowanne da magana daban. Ni ba na sa zare sai na jera shafi. In na ɗinka haka, gobe ka ce ni na lalata maka.”

Na zauna a kan wani ƙunshin takardu ina ta alhamdu lillahi. Kyaftin ya rungume mutumin, shi kuma yana cewa a sake shi, hannunsa duk gam ne.

A shagon muka yi aikin, ya ba mu teburinsa. Kyaftin na karanta jerin shafukan da ke aiki, ni ina nemo sabon daga baya, in zare tsohon in sa shi. Na farkon na zare shi kamar ina sata. Da muka kai shafi na arba'in da ɗaya na ga abin da ya fi hatimin tayar mini da hankali. Shi ne shafin wanda za a kira idan jirgi bai iso ba. Tsohon da ke gaba yana ɗauke da sunan manajan da ya bar aiki tun bara, da lambarsa da ta daina shiga. Da wani abu ya faru a cikin watannin nan, wannan lambar za mu yi ta kira. Muka gama bayan la'asar.

Washegari mai binciken ta zo, wata mace mai gilashi da ba ta da yawan magana. Ta bi kundin a hankali, sai ta tsaya a kan jan birona ta tambayi wanda ya yi. Na miƙe na ce ni ne, na kuma faɗa mata komai daga farko har ƙarshe, har da Sabon Gari. Ta dube ni ta saman gilashi.

“To Baba, jirginku ya tashi zuwa Yola, lokacin saukarsa ya wuce, babu labari. Me za ka yi?”

Na buɗe shafin ba tare da lalube ba, na karanto mata matakan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in kira lambar farko a gabanta. Na kira, wayar manajanmu ta yi ƙara a ɗakin da ke kusa. Ta rubuta cewa a sauya shafukan da na ɓata da biro cikin wa'adin da ta ba mu, ta rufe kundin ta nemi ganin jiragen. Ba a dakatar da mu ba. Na koma kujerata na sha ruwa kofi biyu.

Darasin da na ɗauka shi ne, iya aiki a wani wuri ba ya nufin ka iya shi a ko'ina. Yau in aka ba ni sabon abu, kafin in gyara shi sai na tambayi dalilin da ya sa aka yi shi haka, ko da wanda zan tambaya sa'an ɗana ne.