Hannun da Hamisu Ya Saki

Ni ne na yi laifi, ba Hamisu ba. Da wannan nake so in fara, domin shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ransa, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa faɗin haka a gaban jama'a ba. Mutanen Fassi, a ƙasar Kibiya, sun san shi da gyaran rediyo. Mu mutanen Rano da muke zuwa kallon ƙwallo tare da shi, Sarkin Zama muke ce masa. Ni na laƙa masa sunan, kuma ba don girmamawa ba.

Sunana Bala. A firamare na tsaya, sana'ata gyaran injin ban-ruwa, don haka mai karatu ya yi min afuwa idan maganata ta zo ba ado. Ni da Hamisu tun muna samari muke tare. Na yi aure sau biyu, Allah bai ba ni haihuwa ba. Shi kuwa da aka haifa masa ɗa namiji, Nura, ya ɗora min shi a cinya ya ce, "Ga naka, ni riƙo kawai zan yi maka." Yaron ya tashi yana kirana Baffa.

A wancan lokaci muna da taron magoya baya. Duk ranar da ƙungiyarmu za ta yi wasa a Kano, sai mu cika bas daga tashar Rano, da ganga da tuta, ni ne mai ba da waƙa. Ɓangaren kujeru muke shiga saboda inuwa, amma ba ma zama. Muna da wani camfi da ni kaina ban san wanda ya fara shi ba: wai idan magoya baya suka zauna kafin a ci ƙwallo, ƙafar 'yan wasa sanyi take yi. Sai na gaba su miƙe, na bayansu su hau kan kujera, na can baya su dafa kafaɗun na gabansu suna leƙe. Duk wanda ya zauna, ni ne nake juyowa in sa shi a waƙa har ya tashi.

Mutum ɗaya ne ya gagare ni. Hamisu zai naɗe rigarsa ya zauna, ya kara ƙaramar rediyo a kunne, yana sauraron wasan da ake bugawa a gabansa.

In ce, "Sarkin Zama, me kake gani a nan?"

Ya ce, "Bayan wandonka, kuma ya yage."

A yi ta dariya. Wata rana a mota ya ce min, ba da wasa ba, "Bala, idan ka tashi ka tilasta wa na bayanka ya tashi. Shi kuma yaro ba shi da wani tsayi da zai ƙara." Na ce masa ai mun san yadda muke yi da yara.

Abin da muke yi kuwa shi ne abin da muka tashi muka gani. A wajen kokawa, a wajen wa'azi, a duk inda jama'a suka taru, gaba ake sa yara. Don haka a filin wasa ma sai mu ɗaga yaro sama, a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu ta saman kawuna, har a dire shi can ƙasa jikin shingen ƙarfe. A ganinmu gata muke yi musu. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa a wajen kokawa a ƙasa ɗaya kowa yake, a nan kuwa hawa-hawa ne, kuma duk nauyin da ya taho daga sama a jikin shingen nan zai tsaya.

Nura yana shekara shida aka fara zuwa da shi. Uwarsa Rabi ba ta so ba, sai da Hamisu ya yi mata alkawarin ba zai rabu da hannunsa ba. Ya zaunar da shi a cinya, yaro ya duba gaba bai ga komai ba sai bayan manya. Ya fara ƙaramin kuka, "Baba, ban gani."

Hamisu ya taɓa ƙafata, ina tsaye a kan kujerar da ke gefensa. Ya ce, "Don Allah ka ce su ɗan zauna, yaro ya gani."

Da na ɗaga hannu na ce a zauna, da an zauna. Maganata suke ji. Amma ba mu ci ƙwallo ba tukuna. Sai na sunkuya na kama Nura ta baya, ta ƙarƙashin hammata, na ce gaba za shi kamar sauran yara. Hamisu ya riƙe wuyan hannunsa na hagu ya ce, "Bar min shi a nan." Na ja, ina dariya. Ya sake cewa, "Bala, bar shi." Na ƙara ja. Hannun yaron ya miƙe tsakaninmu, ya yi 'yar ƙara. Hamisu ya dubi hannun, ya buɗe tafinsa. Ya sake shi ne don kada kafaɗar ta goce.

Na miƙa shi gaba, hannaye suka karɓe. Ba a jima ba muka ci ƙwallo. Na can sama suka yi tsalle, ƙafar wani ta zame daga kan kujera, ya faɗa kan na gabansa, shi ma ya faɗa kan na gabansa, haka jama'a suka gangaro kamar an kwance buhuna daga bayan mota. Sauran yaran sun tsira da ƙujewa da firgita. Nura hannunsa yana tsakanin ƙarafa biyu. Ya karye a gwiwar hannu, haƙarƙari ma ya taɓu. Ya yi jinya ya tashi, amma hannun bai sake miƙewa ba har yau.

Da Rabi ta tambaya a asibiti, ina tsaye a wurin, Hamisu ya ce, "Ni na kai shi, ni na sake shi." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara komai ba. Waɗanda suka gani cikin 'yan motarmu suka yi gum. Shi kuwa yaron bai ga fuskar wanda ya ɗaga shi ba. Abin da ya zauna masa a rai shi ne tafin ubansa yana buɗewa.

Sau ɗaya na je shagon Hamisu da maganar. Na ce, "Hamisu, ko in faɗa musu?" Na yi tambayar ne da muryar mai son a ce masa a'a, kuma ya gane. Bai ɗago daga kan rediyon da yake kwancewa ba, ya ce, "Ni ubansa ne. Ko ya ji haushina, a gidana zai kwana. Kai idan ya juya maka baya, wa ya rage maka?" Na fito ina jin sanyi a raina, kuma wannan sanyin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata. Ban ce masa ya yafe min ba. Shekaru suka wuce muna gaisawa, muna zuwa wa juna biki da ta'aziyya, amma hira ta mutu a tsakaninmu. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na zauna a gefen tabarmarsa, na yi zancen damina, na yi zancen tsadar taki, na tashi na tafi.

Nura yana shekara goma sha biyar a lokacin. Ya girma yana yi wa ubansa biyayya ba tare da sakin fuska ba, ni kuma yana sake min fuska sosai. Bayan rasuwar ya gaji shagon, ya koma da shi Kibiya, ya mayar da shi na gyaran waya. Kowace Sallah a gidana yake fara tsayawa. Idan na kwanta ciwo, shi ne mai hawo babur ya zo Rano ya duba ni. Gidana ba kowa a ciki sai ni, kuma ƙarar babur ɗinsa ce kaɗai nake ganewa tun daga bakin layi.

Nakan tambayi kaina me Hamisu zai ce da ya ga yau. Ni na daina zuwa Kano tun wancan lokaci, amma nakan leƙa gidan kallon ƙwallo a nan Rano. An jera benci, an karɓi kuɗin zama, kuma da wasa ya yi zafi sai samari su haye bencin. Yara suna can gaba, a tsugune ƙarƙashin talabijin, tsakanin wayoyin wuta da ƙafafun manya. Ran nan na ce, "Samari, ku zauna mana, akwai yara." Wani ya juyo ya ce, "Baba, in ka gaji ga hanya nan." Aka yi dariya, irin dariyar da na saba jawowa. Ban ji haushinsu ba. Na san daɗin tsayuwa cikin jama'a murya ɗaya, ba zan ce babu shi ba. Shi ma Hamisu ba murna ya ƙi ba. Da yana nan, ina jin ba zai yi musu faɗa ba. Zai jawo yaro ɗaya ya zaunar kusa da shi, ya riƙa faɗa masa abin da ke faruwa.

Bara aka yi wa Nura haihuwar fari, namiji. A wajenmu idan uba ya rasu, ba a ma tambayar sunan da za a sa wa jikan farko. Ana saura kwana biyu suna, Rabi ta kira ni a waya tana kuka. Ta ce, "Malam Bala, ka zo ka yi wa ɗanka magana, kai yake ji. Wai ba zai sa sunan marigayi ba."

Na same shi a shago da rana, ya danne waya da lanƙwasasshen hannun yana kwance ta da ɗayan. Ya ba ni kujera, na ce a tsaye ma ya isa. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Baffa, ina yi masa addu'a kullum, Allah ya sani. Amma ba zan wuni ina kiran sunan nan a gidana ba. Ya yi wa Inna alkawari. Ina kallonsa ya buɗe hannu." Ya yi murmushi ya ƙara da cewa, "Sunanka ma na yi niyyar sawa."

Da na yi shiru, da yanzu akwai mai sunana a duniya, abin da na fid da rai da shi tuntuni. Na dubi shagon, ga tsohon akwatin kayan aikin Hamisu a kan kanta. Na ce, "Nura, ka taɓa tambayar kanka wa ya ɗaga ka?" Na ba shi labarin tun daga camfin har zuwa shingen. Na faɗa masa ubansa sau biyu ya ce in bar shi, kuma bai saki ba sai da ya ga hannun zai goce.

Ya ajiye wayar a kan kanta. Can ya ce, "Duk Sallar da nake zuwa gidanka, ka san wannan?"

Na ce na sani.

Ya ce, "Tafi gida, Baffa."

Ranar suna na je, na tsaya can bayan jama'a. Da liman ya gama addu'a aka ɗaga murya aka ce sunan yaro Hamisu. Na shafa fatiha, ban jira goro ba na kama hanyar Rano. Sallah ƙarama ta zo ta wuce, babba ma ta wuce, ban ji ƙarar babur a bakin layi ba. Na dafa shinkafa ta mutum biyu duk sau biyun.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Hamisu, ba shi da yawa a ido: akwatin kayan aiki, da wasu rediyoyi a ƙauyukan Kibiya da har yanzu suke magana. Sai kuma jariri mai sunansa, wanda Rabi take kira Maigida don ba ta iya faɗin sunan. Amma ni abin da ya bar min shi ne sanin cewa a cikin jama'ar da ta cika bas, shi kaɗai ya duba filin nan daga tsayin yaro. Mun ce masa rago, alhali shi ne ya ɗauki abin da ni na kasa ɗauka, ya tafi da shi kabari bai ajiye ba.

A makon jiya, da kwanan rasuwarsa ya zagayo, na lura da wani abu: na faɗa wa Nura gaskiya, amma ban ba shi haƙuri ba, kamar yadda ban ba ubansa ba. Na hau mota zuwa Kibiya. Na tarar da shi a benci a ƙofar shago, yaron yana kan cinyarsa, ya zagaye shi da hannun nan da ba ya miƙewa. Na yi sallama ya amsa. Na tsaya a rana a gabansu.

Ya dube ni, ya matsa gefe kaɗan. Ya ce, "Zauna, Baffa. Ka tare masa haske."

Na zauna. Na ce, "Nura, ni na ja ka daga hannun ubanka, ni na bar shi da laifin har ya mutu, ni na karɓi gaisuwar da shi ya cancance ta. Shi na makara. Kai kana raye. Don Allah ka yafe min."