Ƙahon da Ya Ɓace wa Badujalar Garinmu

Seu Anacleto, wato Malam Anacleto, shi ke gyara wa 'yan badujalar garinmu da ke jihar Minas kayan busa, kuma bai yarda da kowa ba. Ko kofi ka miƙa masa sai ya shinshina. Da ba haka yake ba. Shekara talatin da suka wuce babban ƙahonmu na tagulla, oficleide mai murafu tara, ya ɓace bayan ya gyara shi. Shugabanmu Deodato ya nuna shi da yatsa a ƙofar coci, ya ce shi ya sace. Tun daga ranar in ya shiga kasuwa sai mata su janye jakunkunansu.

Wata safiya ina zaune a shagonsa yana liƙe min ƙahona da dalma, sai ga Dona Zulmira, wato Uwargida Zulmira, matar marigayi Deodato, rungume da wani abu cikin bargo. Ta buɗe. Kai! Ƙahon ne.

"Jiya na tsince shi a silin," in ji ta. "Ban san yana can ba."

Anacleto ya karɓe shi. Ya juya shi, ya danna murafun ɗaya bayan ɗaya, ya latsa fatar ƙarƙashinsu da farce. Sannan ya toshe bakin da tsumma, ya zuƙi sigari ya hura ciki. Ko siririn hayaƙi bai fita ba.

"Dona Zulmira, fatar da ta shekara talatin a silin ƙamewa take, hayaƙi ya bi ta ko'ina. Wannan ta sha mai, ba a yi wata uku ba. Mijinki kuwa shekararsa biyu a kabari. Wa ke shafa mata?"

Ta sunkuyar da kai. Deodato ne ya ɓoye shi, ta ce, don kada a ba wani da ya fi shi iya busawa. Ya sa ta yi alkawarin kula da shi.

"Ki kai shi ƙofar coci ranar Lahadi, ki faɗa da bakinki," in ji Anacleto.

Ta nannaɗe ƙahon ta fita tana kuka. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na ce, "Seu Anacleto, na rantse ni dai ban taɓa zarginka ba."

Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Haba, Valdemar. Shekara talatin ba ka taɓa barin ƙahonka ya kwana a shagona ba. Yanzu ma gadinsa ka zauna yi."