Jan Zobe a Ɗorawar Malam Hadi

Har yau ban manta da ranar da na shafa jan fenti a jikin ɗorawar Malam Hadi ba, ba na kuma jin zan manta. Ku da aka ɗauka aiki bana, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, don ba kullum nake iya ba da labarin nan ba.

Lokacin ina ƙaramin jami'in binciken ma'adinai, shekarata ta biyu, ba a ma tabbatar da ni a aiki ba. Kamfanin da nake yi wa aiki ya samu lasisin neman zinare a wani yanki tsakanin Bagwai da Tsanyawa. Shugaban tawagarmu wani ne da muke ce wa Dakta. Yana da ilimi, wannan ba na hana shi, amma a wurinsa takarda ta fi mutum. Mun fita ne bayan an gama yankan dawa. A ofis cewa ake an tafi daji, amma can babu daji, gona ce manne da gona, ko'ina ka taka na wani ne.

Ga wanda bai san aikin ba, zinare ba ko'ina yake ba. Tun duniya ba kowa, ruwa mai tsananin zafi yakan taso daga can ƙarƙashin ƙasa ya biyo tsagar duwatsu, ɗauke da narkakken ma'adini. In ya huce sai ya bar farin dutsen nan mai ƙyalli a cikin tsagar, shi muke kira jijiya. A jijiyar nan zinare yake maƙalewa, wani lokaci ƙwayarsa ba ta kai ta gero ba, wani lokaci ido ma ba ya ganinta. Ruwa da rana su yi ta cin dutsen shekaru aru-aru har ya rududduge. Da yake zinare nauyi gare shi, ba ya nisa, sai ya kwanta a ƙasar wurin ko a kwanar rafi. Shi ya sa muke farawa da wanke yashin rafi a faranti. In mun ga alama mu bi ta sama, mu ja layuka a taswira, kowane taku kaza mu haƙa ɗan rami, mu ɗebi ƙasa a leda, mu sa mata lamba, mu rubuta lambar a dutse ko bishiya mafi kusa. Sauran aikin na ɗakin gwaji ne.

Akwai kuma wadda muke kira ƙasar kwatance. Ita ana ɗebo ta ne a inda muka tabbatar babu komai, nesa da jijiya, don in sakamako ya fito mu gwada sauran da ita. A tawagarmu, don kada ta ruɗe da saura, mukan zagaye lambarta da jan zobe. Ku riƙe wannan da kyau: zobe yana nufin babu.

To, ranar nan Dakta ya nuna min wani fako a taswira, ya ce in je in ɗebo ƙasar kwatance. Rana ta take, ƙafata ta yi bororo. Saura kamar taku ɗari uku in kai, sai na ji an yi min sallama daga gindin wata ɗorawa. Dattijo ne, malamin allo a ƙauyen, shi ne Malam Hadi. Yana zaune a gonarsa da mutum uku, suna hutawa daga ɗaurin kara. Ya miƙo min ƙwaryar fura, ya ce, "Ɗana, zauna ka jiƙa maƙoshi, duwatsun ba guduwa za su yi ba."

Na sha, na ji daɗin inuwa. Na duba taswira na ga dutsen da ke ƙarƙashin gonarsa iri ɗaya ne da na fakon can. Na ce a raina, me zai kai ni rana? Lalaci ne kawai, ba ni da wani sunan da zan ba shi. Na roƙi izini na haƙa a nan. Ƙasar baƙa wuluk, mai laushi, kusan kamu biyu kafin ka tarar da ja. Malam ya ga ina murza ta, ya ce kakansa ne ya fara zuba mata taki da jaki, ubansa ya ɗora, shi ma bai taɓa tsallake shekara ba. Daga ita gidansa yake ci. Na ɗaure leda, na rubuta lamba a jikin ɗorawar, na zagaye ta da jan zobe.

Sai ya ce, "Ɗana, akwai wani abu a ƙasata ne?"

Dakta ya sha ja mana kunne: kada a ce akwai, kada a ce babu, bayanin kamfani sirri ne. Ni kuwa ɗan bin doka, na ce, "Baba, ba a ba ni izinin magana ba." Mutanen nan uku suka dubi juna. Wallahi na ga kallon, ban dai san abin da na gani ba.

Mu muka koma Kano. Su kuwa mutanen gari suka bi lambobinmu ɗaya bayan ɗaya, suka ga duk yankin wuri ɗaya ne tak yake da zobe. Ga shi kuma ma'aikaci ya ƙi magana. Me ya rage? Ran kasuwa labari ya shiga ƙananan motoci ya bazu.

Wajen wata biyu bayan nan, ina ofis aka ce ina da baƙo. Malam Hadi ne, ya yi ta tambaya har ya gano mu. Ya rame. Ya ce 'yan haƙa sun sauka a garin, baƙi ne daga nesa, da diga da shebur. Gonar kuma ta gado ce, ba a raba ba, ƙanensa Sale yana da haƙƙi a ciki, ya kuma rantse sai an tona. Mai unguwa ya ce in da shaida daga masu binciken cewa babu komai, zai hana.

Na ce, "Baba, wallahi tallahi babu. Don babu ɗin ma na sa zoben."

Ya ce, "Ni na yarda da kai. Amma in na koma da baki cewa za su yi mun haɗa kai, za ku zo ku kwashe daga baya. Layi biyu nake so, da hatimi."

Na shiga wurin Dakta, na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da cewa ni na matsar da wurin. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Kabiru, in muka rubuta babu a nan, gobe mutum hamsin za su zo. Wanda muka hana takarda ya san tasa akwai. Ka taɓa tunanin wannan?" Na ce ranka ya daɗe, gonar mutum ce za ta tafi. Ya ce, "Mu muka ce su haƙa?" Sannan ya tuna min cewa takardar tabbatar da ni tana kan teburinsa.

Abin da ke ci min rai shi ne maganarsa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma ni me ya hana ni? Garin nan ba Makka ba ne, mota ɗaya ce. Da na je ran Juma'a na tsaya a gaban mai unguwa na ce ni na sa zoben, ga ma'anarsa, wataƙila da an ji. Ban je ba. Tsoro na ji, na zauna ina jiran takardata. Na fito na ce wa dattijon nan ya yi haƙuri, ana duba maganar. Ya dube ni ya ce, "Allah ya yi albarka," ya tafi.

Sai da aka fara shuka sannan aiki ya sake kai mu yankin. Na zame na je. Ban gane gonar ba. Ramuka ne ko'ina, wasu sun fi tsayin mutum biyu, ruwan farko ya cika su. Jar ƙasa da tsakuwa sun hau sama, baƙar ta koma ƙasa. Ɗorawar, da yake a jikinta zoben yake, ita suka fi tona wa gindi har ta kife. 'Yan haƙa sun yi mako shida ba su ga ko ƙwaya ba, sun ƙara gaba. Sale kuwa kunya ta kore shi zuwa Legas. Gonakin maƙwabta duk gero ya tsiro, ita kaɗai ce ja.

Na tarar da Malam Hadi shi kaɗai yana cike rami da kwando. Na durƙusa na gaishe shi, na ce kamfani zai iya turo mota a baje. Ƙarya nake, ba ni da wannan ikon. Ya ce, "Rami ai ba wuya, ɗana, kafin kaka na cike su. Baƙar ce ba ta dawowa a zamanina." Bai ɗaga min murya ba, da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya je gindin kututturen ya ɗauko wani abu naɗe a tsumma, ya sa min a hannu. Ɓawon ɗorawar ne, ya sassaƙo shi da gatari, ga lambata ga zobena.

Ya ce, "Ga ajiyarku. Kada wani ya gani ya sake farawa."

Sakamakon ledar nan ya fito babu zinare, kamar yadda aka so. Dakta ya rubuta a rahoto cewa an samu kyakkyawar ƙasar kwatance. A shekarar aka tabbatar da ni.

Abin da na koya shi ne, mu masu wannan aiki mun iya karanta dutse, amma mun manta cewa mu ma ana karanta mu. Fentinka magana ce, shirunka ma magana ce, kuma ba kai za ka kwana a garin da ka bar su ba. Tun daga ranar ban sake barin alama a gonar kowa ba, kuma duk manomin da ya tambaye ni, in babu, a gaban mutane nake cewa babu. An ba ni takardar gargaɗi sau biyu a kan haka, su ta shafa.

Ga ɓawon nan, miƙa wa na kusa da kai, ya zagaya kowa ya taɓa. Bayan shekara biyu na koma da buhunan taki, aka ce Malam ya sayar da filin ga masu buga bulo, ya koma noman aro a gonar surukinsa. Ban iya ƙarasawa gidan ba.