Rantsuwar da Lawali ya ƙi yi

A wannan watan Lawali, mijin ƙanwata Rakiya, ya cika shekara shida da rasuwa. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu kafin in rubuta, don ni dai ban ji wucewarsu ba. In buɗe shagona na kayan mota a Ras Al Khor nan Dubai, in rufe, kwantena ta iso tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a je a fito da ita, a ci abinci, a yi salla. Mutane suna yaba mini haƙuri. Wallahi ba haƙuri ba ne, abin ne ya daskare mini wuri guda.

Ga wanda bai san shi ba, Lawali ɗan Damagaram ne kamar ni. Ya yi lakwal, wato boko, ya shiga soja, aka sa shi sashen gine-gine. Shekaru ya yi can arewa yana haƙa wa soja ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, na ajiyar makamai da na ɓuyar manya in abu ya ɓaci. Da ya ajiye kaki ni na nemo masa biza, ya zo Dubai da iyalinsa, ya sami aiki a wani kamfanin gini yana tsayawa kan zuba kankaren tushe. Hali guda gare shi da kowa ya sani: ba ya cewa abu zai riƙe sai ya auna. Ko kujerar roba ka tambaye shi za ta ɗauke ka, sai ya kifa ta ya duba ƙafafun. Ni da nake da saurin baki, wannan hali nasa ya sha ƙular da ni.

Farkon 2003 ba a maganar komai sai yaƙin da ke tafe a Iraki. Ran Juma'a bayan an sauko, 'yan kasuwarmu kan taru a shagona cin shinkafa, talabijin na kunne, ana nuna zanen maɓoyar manyan Bagadaza da bama-baman da aka ce za su huda su. Kowa ya zama janar. In gardama ta yi zafi sai a juya ga Lawali, tunda shi kaɗai a cikinmu ya taɓa gina irin abin.

Ba ya ɗaga murya in yana bayani. Ya ce bam na yau da kullum a sama yake fashewa, maɓoyar da ta sha kankare da rodi aka kuma binne ta da ƙasa za ta shanye shi, na ciki su tashi da ƙura da toshewar kunne. Amma akwai wanda aka ƙera ya nutse kamar ƙusa kafin ya fashe, shi wannan kauri kaɗai ba ya tare shi, sai zurfi, sai dutse. Wani ya ce to nukiliya fa? Lawali ya ce wadda ke can cikin dutse mai yiwuwa ta tsaya, amma girgizar ƙasar za ta iya rufta ƙofa ta toshe hanyar iska. Ɗakin ya tsira, mutanen ciki ba su tsira ba. Ya ƙara da cewa nan Dubai ma rairayi ne, ka haƙa kaɗan ruwan gishiri ya taso maka, shi ya sa injin zuƙe ruwa ba ya hutawa a wurin aikinsu.

Nan na tuna da ƙanwata. Na san ya gaya wa Rakiya cewa in an ji wani abu, su sauka da 'yarsu Nana zuwa wurin ajiye motoci na ƙasan benensu a Deira. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne uban Rakiya, ni na ba shi aurenta. Na ajiye cokali na ce, a gaban mutum sama da goma, "Lawali, rantse mini ramin motocin nan naku zai riƙe."

Ya ce, "Yaya, babu abin da zai faɗo nan. Yaƙin can nesa ne."

Na ce ba shi na tambaye ka ba, rantse.

Aka daina tauna, ana kallon Lawali. Sannan ya ce, "Ba zan rantse ba, Yaya. Don mota aka gina shi."

Na ce to shi ke nan, ka mai da mini ƙanwata gida. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da na yi masa. Wan matarka da ke matsayin uba ba ka mayar masa da magana, balle cikin taro. Ya sunkuyar da kai ya ce to.

Ya nemi hutun kwana goma. Jirgi ya sauke su Kano, suka hau mota, ya kai su Damagaram lafiya lau, ya damƙa su hannun innarmu. A hanyar dawowa Kano don ya kamo jirginsa, motar hayar da ya shiga ta yi karo da babbar mota bayan Matamai. Kafin azahar aka bugo mini waya, ina tsakiyar kwance kwalin fitilun mota. Na yi salati, na ajiye wayar, na ci gaba da jera fitilun har na gama. Har yau ban san dalili ba. Yaƙin ya zo ya yi ɓarnarsa can inda Lawali ya ce, a Dubai kuwa ko tsakuwa ba ta faɗo ba.

Yanzu garin ya canja har bai zai gane unguwarsu ba. Benaye sun kai inda wuya ke ciwo in ka ɗaga kai, ƙarƙashinsu hawa uku, hawa huɗu, ga ramin jirgin ƙasa ana ta haƙawa. Na san da yana nan da ya tsaya bakin kowane rami ya leƙa, ya tambayi ina ruwan yake zuwa. Maganar bam ma ta dawo. Yanzu ta Iran ake yi, maƙwabtanmu na ƙetaren ruwa, wai sun binne kayan nukiliyarsu a ƙasa, ana gardamar wane bam zai kai gare su. Masu sharhi a talabijin kowa da tabbacinsa, wannan ya ce zai huda, wancan ya ce ba zai huda ba. Da Lawali zai ce mene ne zurfin, wace irin ƙasa ce, wa ya auna? Ana taruwa a shagon har yanzu, amma in an zo nan sai in tashi in shiga duba kaya.

Me ya rage nasa? Tushen gine-ginen da ya zuba suna nan ɗauke da mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Nana tana nan, shekararta tara, goshinsa sak. Akwai kuma wannan: an matsa masa ya faɗi abin da bai auna ba, kalma guda da za ta bar shi a gidansa, ya ƙi. Na daɗe ina jin haushinsa a kan haka, ina cewa da ya yi mini ƙaryar mana, wa zai kama shi? Na jingina da wannan haushin shekara biyar. Allah ya jiƙan Lawali, ya yafe mini.

Bara na je gida babbar salla. Rakiya ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko a fuska. Muna zaune a tsakar gida tana tsince wake, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya, ka san abin da ya ce mini a jirgi? Ya ce da Yaya ni kaɗai ya kira, da na zaunar da shi na warware masa komai, da ba mu motsa ba. Amma a gaban mutane ba zan kunyata shi ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni kuma na ce to.

Akwai ɗan ɗakin ajiya a bayan shagona, da ƙofa mai rufuwa. Da na dawo na auna daga inda muka zauna cin shinkafa ranar nan zuwa ƙofarsa. Taku shida ne.